Gam ɗin Takalmi a Bakin Tela

Daga ofishin Babban Likita, Shugaban Likitocin Haƙori na Sama da na Ƙasa, zuwa ga tsoho tela mai shago jikin na mai gyaran takalma.

Gaisuwa irin ta manya, wadda ake yi daga zaune. Muna fatan kana lafiya, kai da 'yarka da keken ɗinkinka. Mu dai lafiya lau muke, sai yawan aiki da yawan baƙi daga ƙasashe, kowa ya shigo da bakinsa a buɗe.

Amma ba'adu, labari ya iso teburinmu cewa haƙoran roba na sama da aka yi maka sun tsage gida biyu, saboda ka ƙi barin halinka na yanke zare da baki, alhali ga almakashi a gabanka. An ce maimakon ka koma wurin likitan da ya sa maka su, sai ka leƙa shagon maƙwabcinka ka ce ya ɗan sam maka gam. An ce har ƙyalle ka yanko ka yi musu shafi ta ciki kamar rigar sanyi. Da aka karanta mana wannan, wani likita da ke zaune kusa da mu sai da aka yi masa fifita.

To ka sani, bakin mutum ba takalmi ba ne, ko da kuwa ya sha yawo kamar naka. Gam ɗin da aka yi don ƙasan takalmi ba a yi shi don dasashi ba. Ka kuma sani duk haƙorin roba da ke bakin kowa namu ne, aro muka bayar. Wanda aka kama ya sa musu gam, sufeto ne zai zo da jakarsa ya karɓe su a gaban jama'a, ya bar shi da wawulo yana magana iska na fita. Sufeton nan ba ya sa kaki, ba ya kuma faɗin ranar zuwansa. Mafita ɗaya ce gare ka: ka ɗauki ƙafarka ka je wurin likitanka kafin sufeto ya riga ka.

Idan kana da abin cewa, ka ba direban da ke kai muku saƙo ya kawo wa yaronmu mai kai mana haƙora a babur, wanda kuke kira Sauro, jikan yayanka. Shi ya kawo mana ƙararka, kuma ya kyauta. Yaro ne mai hankali, ga kyau, ga tsafta, duk ma'aikatanmu babu na biyunsa. Mun ji kana ce masa marar kunya. Ka daina. Idan ya zo gaishe ka aka yanka kaza, a riƙa ba shi cinya, tunda kai yanzu ba ka da abin kama ta.

Haza wasalam, daga mai kujera mai juyawa.

*

Zuwa ga Babban Likita, daga hannun tsoho tela.

Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma, ya bar ka da iyalinka lafiya. Mu ma da sauƙi, alhamdu lillahi. Takardarka ta same ni a shago, na shiga bayan labule na karanta, na sake karantawa. 'Yata ba ta gan ta ba, ba kuma za ta gani ba.

Maganar gam gaskiya ce, ba na musu. Ta shafi ma gaskiya ce, sai dai ya jiƙe bai zauna ba, na cire. Amma maganar zare, yaron ya ƙara gishiri. Ba zare ya karya su ba. Cire su nake yi idan na zo shago in ɓoye a aljihun keke cikin kwarkwaro da allurai, in mayar idan zan koma gida. Ran nan wani ya shigo ba zato, na tura aljihun da gwiwa, ya datse su.

Za ka ce me ya sa nake cirewa. Cizona suke yi, ranka ya daɗe, ta gefen hagu can sama, inda dasashi ya haɗu da kumatu. Tun ranar farko suke yi.

Za ka ce me ya hana ni komawa. To kai ma mai sana'a ne, za ka gane. Tun ba ni da gemu nake ɗinki. Babu abin da ke ƙona ran mai aikin hannu kamar mutumin da ka auna, ka yanka, ka ɗinka, ya sa a gabanka ya juya ya ce ta yi, sannan bayan kwana biyu ya dawo ya ce hammata ta matse. Na sha yi wa irinsu murmushi ina zaginsu a ciki. Likitan nan yaro ne mai ladabi. Ya wanke hannu, ya sa safar hannu, ya sa mini su da kansa, ya duƙa ya ce, "Baba, akwai inda yake taɓa ka?" Na ce babu. Ya sake tambaya, na ce sun zauna kamar da su aka haife ni. Ya yi murna har ya kira abokin aikinsa ya gani. Yanzu da wane baki zan koma in ce hammata ta matse?

Ga kuma 'yata. Ita ta yi ɗawainiyarsu, ni na san abin da ta hana kanta. Ranar da muka dawo ta sayo nama ta zauna tana kallona ina ci tana dariya. Na haɗiye shi ne kawai, ban tauna ba.

Akwai ta uku, wannan tsakanina da kai ne. Ina tsoron kujerar nan mai kwanciya. Ranar da aka cire mini ragowar haƙoran sama, an yi allura, ban ji zafi ba, gaskiya ɗaya ce. Amma fitila a ido, ƙarfe na ƙara a tire, mutum a kwance bakinsa a buɗe ba ya iya ko salati da kyau. Na riƙe hannun kujera har farcena ya tsage. Mai furfura kamata.

Saboda haka ina roƙon arziki, kada a turo sufeto shago. Layin nan kowa ya san ni, yaran da na koya wa ɗinki suna wucewa suna gaishe ni. A bar ni da haƙorana, na yi alkawari ba zan ƙara musu gam ba.

Shi kuma Sauro, ban san ta inda ya shiga wurinku ba. Allo kawai ya yi, shi ma malaminsa ya ga ta kansa, boko kuwa a jikin allunan shaguna ya tsince ta. Kyan da ka ce yana da shi, wataƙila tabarau ɗinka na son gyara. Kada ku ba shi ajiyar komai. Amma ku riƙe shi. Tun da tsararrakina suka ƙare, shi kaɗai ke sa ni dariya har in yi tari. Kada a gaya masa, kansa zai fi ƙarfin hularsa.

Ina jiran amsarka. Na bar ka lafiya.

*

Zuwa ga ɗana Sauro, daga goggonka.

Ina gaishe ka, ina gaida innarka da ƙannenka. Da fatan aiki da sauƙi. Na kira wayarka har na gaji ba ta shiga, innarka ta ce wai ta faɗa kwata. Shi ya sa na ba direba wannan.

Lafiya ba lafiya ba. Ni na faɗa wa innarka maganar gam don mu yi dariya, ban ce ka kwashe ta ka kai wa manyanku ba. Yanzu ga abin da ka jawo. Baba ya ce wani babban likita ya rubuto masa za a turo sufeto a ƙwace haƙoransa. Ya hana ni ganin takardar. Ya ce ya mayar da amsa ta hannunka yana roƙo, kullum sai ya aika tasha a tambayi direba, shiru. Shi kuma ya ɗauki shirun nan a kan an ƙi roƙonsa.

Tun daga nan bai ƙara cire haƙoran ba. Da su yake wuni, da su yake kwana. Wai abin da ke bakin mutum ba a ƙwace shi sai da kokawa. Idan zai kwanta har ƙyalle yake sawa ya ɗaure haɓarsa kamar gawa don kada su faɗo. Na ce Baba, wannan wane irin mugun fata kake yi mana? Ya ce in fita harkarsa.

Shekaranjiya mai duba mitar wuta ya shigo layi da jaka a kafaɗa. Baba ya bar keke yana juyawa ya shige bayan yadudduka. Sai da mai gyaran takalma ya rantse masa sannan ya fito.

Da abin dariya ne da na yi. Kumatunsa na hagu ya kumbura, ina ganin jini a matashinsa, bakin ya fara wari, jikinsa da ɗumi. Ba ya cin komai sai shayi, burodin ma sai ya jiƙa ya zama ruwa. Wandonsa ya yi masa yawa, da kansa ya rage ƙugun. Na ce mu je wurin likitan da ya yi su, ya ce wato in kai shi da hannuna a karɓe.

Kai ka kunna wutar nan, kai za ka kashe ta. Ka je ka durƙusa wa babban likitan nan, ko riƙe ƙafarsa ne ka yi, ya rubuto ya ce ya yafe. Kada ka mayar mini da wannan wasa, Sauro. Ka san ba ni da kowa sai shi.

*

Daga Babban Likita zuwa ga tsoho tela.

Gaisuwa da fatan sauƙi. Mun ji jikin ya matsa, Allah ya ba da lafiya. Amsarmu ta yi jinkiri, laifinmu ne, ba ƙin roƙonka aka yi ba.

An yafe. Babu sufeton da zai zo. An soke dokar gaba ɗaya, sufeton ma an sallame shi ya koma gida. Haƙoranka naka ne, babu mai taɓa su sai da izininka.

Yanzu ka saurara da kyau. Da ka gama karanta wannan ka cire su, ka wanke, ka sa a kofi da ruwa. Ba a kwana da haƙoran roba, dasashi ma yana son ya huta, balle waɗanda suka tsage, wani ɓangare na iya ɓallewa ya wuce maƙogwaro mutum na barci. Ka riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Wannan ba magani ba ne, sauƙi ne kawai kafin ka isa. Kumburi da zazzaɓi ba a zama da su a gida, ka je wurin likitanka yau, in dare ya yi gobe da sassafe.

Gam ɗin takalmi yana cin naman baki. Kuma wurin da ka haɗa bai koma daidai ba ko da idonka ya ga kamar ya koma, bakin tsagin yana nan yana yankanka duk lokacin da ka motsa muƙamuƙi. Masu yin haƙora suna da robar da ake haɗa su da ita, irin wadda aka yi su da ita tun farko, wadda aka yi don ta zauna a baki.

Maganar komawa kuwa, ba cin fuska ba ne. Sababbin haƙora kusan kowa sai ya koma an rage masa wani wuri, wani sau biyu, wani fiye. Likita yana jiran dawowar ne ma. Haƙoran ake gogewa a hannu, ba bakinka ba, kai kana zaune kana kallo.

Ka je. Wasalam.

*

Zuwa ga Babban Likita, daga tsoho tela.

Ranka ya daɗe. Na gode da gaisuwa. Jiki da sauƙi.

Na ga takardarka ta biyu. Maganganunta masu daɗi ne. Sai dai na tsufa ban taɓa ganin hukuma ta kafa doka da safe ta tsinke ta da yamma saboda roƙon tela ba. Mai son kama kaza ba ya bin ta da gudu, tsaba yake watsa mata. Ta farko ta ce in je da ƙafata, ta biyu ta ce in cire in sa a kofi in je da ƙafata. Duk hanyar ɗaya ce, an dai share ta ne. Ban ce kana ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Na ce dai ni ma na taɓa lallashin yaro don in karɓe almakashi daga hannunsa.

Ruwan gishirin ina yi, da su a baki. Sauran kuwa a bar ni. Idan za a karɓa, a zo a karɓa daga inda suke.

Abu ɗaya ya hana ni sukuni. A takardar farko ka cika shafi da yabon Sauro, a wannan ko sunansa babu. Ka ce an sallami sufeto. Ina tsoron ba shi kaɗai aka sallama ba. Idan maganar da na yi ce ta cewa kada a ba shi ajiya, wallahi wasan kaka da jika ne, bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Uwarsa da ƙannensa da babur ɗin nan suke ci. Idan sai an hukunta wani, to ku mayar da shi aiki, ni na yarda sufeto ya zo. Sai dai ya zo gida, ba shago ba.

Na bar ka lafiya.

*

Zuwa ga Kaka.

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Innata na gaishe ka, ta ce in gaya maka ita babu hannunta, kuma ta riga ta fara dukana a madadinka tun daga can.

Kaka, ba a kore ni ba. Babu mai korata daga ofishin da babu shi. Babu Babban Likita, babu na sama balle na ƙasa, babu sufeto, babu jaka, babu doka. Kujera mai juyawa kam akwai, ta mai buga takardu ce a bakin tasha, ƙafarta ɗaya a ɗaure da waya. A kanta na zauna ina faɗa yana bugawa, yana dariya har yana kuskure.

Inda nake aiki ɗaki ɗaya ne a bayan wani kantin magani. Benci biyu, famfo, injin gogewa, farar ƙura ko'ina har cikin kunne. Maigidana yana zaune da ƙyalle a hanci yana jera haƙora a kan kakin zuma, ni kuma in ɗauka a kwali in kai wa likitoci, in dawo da waɗanda za a gyara. Kuma Kaka, rabin abin da nake ɗaukowa gyara ne. Wannan ya ce nan ya matse, wancan ya ce can yana motsi. Ban taɓa jin maigida ya zagi wanda ya dawo ba. Wanda yake yi wa faɗa shi ne wanda ya yi shiru har baki ya lalace.

Na ce ne bari in tsorata ka ka tashi ka je. Na san idan Sauro ya ce ka je, cewa za ka yi in tafi in wanke ƙafata. Ban san za ka kulle baki da su ba. Da amsarka ta zo na buɗe ina dariya, na kai tsakiya dariyar ta tsaya. Ka rubuta wa babban mutum abin da ba za ka faɗa wa jika ba, ga shi a hannun jika. Na rasa yadda zan yi, na cusa ta a aljihu ina ta zagaye da ita, ina cewa gobe. Ban nuna wa kowa ba, ko mai buga takardu, ko innata. Ba kuma zan nuna ba.

Da takardar Goggo ta zo na je na faɗa wa maigida abin da na aikata. Ya ajiye abin hannunsa ya dube ni ya ce, "Kai, da bakin mutum ake wasa?" Ya murɗe mini kunne da hannu duk ƙura. Duk abin da ke takarda ta biyu game da gam da kwana da su da kumburi, daga bakinsa na kwaso, babu ƙarina ko ɗaya. Ta farko ce ƙarya, ka gaskata. Ta biyu gaskiya, ka ƙi. Wannan kuma alhakina ne, ni na ɓata rijiyar.

Maigida ya ce likita ya fara duba bakin, shi ne gaba da komai. Haƙoran kuma in kawo masa ya gani. Idan gam bai cinye bakin tsagin ba zai haɗa, idan ya cinye sai an sake awo. Bai yi alkawari ba, ni ma ba zan yi maka ba, na gaji da faɗin abin da babu.

Maganar Goggo, ka daina wahalar da kanka. Ita ke wanke matashinka. Ba haƙoran take so su zauna lafiya ba, kai take so.

Kujera kuma, zan tsaya a gefenka. Ka gaya wa likita kana tsoro, ba kai ne farko ba, na ga ƙato mai ɗaukar buhu yana karanto duk abin da ya haddace a kanta. Idan ka ɗaga hannu zai dakata. Idan kunya ta hana ka cewa yana cizo, ni zan faɗa, ka san ni ba ta taɓa kama ni ba.

Na ga abin da ka ce a kan aikina, wai a mayar da ni, ka yarda sufeto ya zo gida. Wannan ba zan yi wasa da shi ba, ko yau ko gobe. Amma maganar tabarau ban yafe ba, kowa ya san na fi ka kyau tun kana da haƙoranka na gaskiya.

Wannan takarda ba direba ya kawo ta ba. Motarsa na biyo da kaina, na ba Goggo a ƙofa na ce ta miƙa maka, don idan na shigo da bakina ba za ka bari in kai ƙarshe ba. Na tsayar da mai tasi, yana ta danna mini oda. Ka cire su, ka naɗe a hankici, ka sa hularka. Dukan yana nan ba zai gudu ba, ka bari sai mun dawo ka sami ƙarfin yin sa da kyau.

Ka ɗaga labule ka duba tsallaken titi, gindin falwayar lantarki. Wancan siririn mai silifa, da yake yi kamar yana karanta allon kanti, shi ne Babban Likita gaba ɗayansa.

Ni ne jikanka, Sauro.